Mamman Shata: Mawaƙin Ƙasar Gyaɗa da Auduga

A shekarar 1952, gab da ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani ƙasaitaccen biki a birnin Kano wanda tsofaffi ke kira Bikin 'Yan Sarki, saboda 'ya'yan gidan sarauta da yawa aka yi wa aure a lokaci guda. Cikin makaɗan da suka yi wasa a wurin akwai wani saurayi daga ƙasar Katsina da bai cika shekara talatin ba. Ba shi da sarautar kiɗa a kowace fada, kuma bai gaji kiɗa ta uwa ko ta uba ba. Abin da yaransa ke ratayawa kuwa kalangu ne, wanda a lokacin aka fi saninsa a hannun makaɗan mahauta da masu kiɗan 'yan mata a dandali. Daga wannan biki sunan Mamman Shata ya shiga bakin Kanawa, har yau kuma bai fita ba.

An daɗe ana magana a kan baiwar Shata: ƙarfin muryarsa, da kaifin harshensa, da yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take ba tare da ya zauna ya shirya ba. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ƙasar da ta ba shi abin faɗa. Tsakanin Katsina da Kano da Zariya akwai wani yanki na gonaki da kasuwanni da tashoshin mota, inda aka noma gyaɗar da aka gina dala da ita, da audugar da ta ciyar da masaƙun Ingila kafin ta ciyar da na Kaduna. A nan Shata ya tashi, a nan ya zauna, mutanen nan ya fi yi wa waƙa, kuma kuɗin amfanin gonarsu ne suka ɗauki nauyin kiɗansa shekara da shekaru.

Musawa ta wajen uba, Tofa ta wajen uwa

An haifi Muhammadu Shata a Musawa a 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Musawa gari ne na manoma, tsakanin Kankiya da Malumfashi. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, mahaifiyarsa Lariya kuwa haifaffiyar Tofa ce a ƙasar Kano. Ke nan Katsinawa na da shi ta wajen uba, karkarar Kano na da shi ta wajen uwa.

Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. A idon mutanen wancan zamani kiɗa roƙo ne, roƙo kuwa sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ɗan mutunci ba ya shigarta da rana tsaka. Abin da ake so ga yaro shi ne ya je makarantar allo, ya riƙe fartanya da damina, da rani ya kama ɗan abin sayarwa. Haka aka ɗora wa Mamman tallar goro, daga baya ya koma tallar alewa. Labarin da aka fi bayarwa game da wannan talla shi ne ba ta yi albarka ba, don yakan rabar da abin da ya samu ga mutanen da ya haɗu da su, ya koma gida hannu rabbana.

Amma tallar ta koya masa abin da gona ba za ta koya masa ba. Mai talla dole ya san ranar da kowace kasuwa ke ci, ya san wane ne mai gari, wane ne sarkin pawa, wane ne mai kyauta, wane ne marowaci. Dole muryarsa ta keta hayaniyar kasuwa, dole ya iya maganar da za ta sa mai wucewa ya waiwayo. Da dare kuma, musamman lokacin kaka in an yi farin wata, ga dandali: samari da 'yan mata, ga masu kalangu, ana kiɗan asauwara ana gasar baki. A wannan fage ne aka fara jin muryar Shata, yana yi don nishaɗi, tun kafin ya san abin zai zame masa sana'a.

Kuɗin kaka

Da ya bar Musawa, Bakori ya nufa, wajen Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. Ubangidan Shata ke nan, kuma aikin wannan bawan Allah kaɗai ya isa ya nuna irin zamanin da mawaƙin ya faɗo ciki.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman karkarar Kano suka rungume ta hannu bibbiyu, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi ƙarfi. Wani layin dogon ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ƙasar kudancin Katsina mai laka ce da ruwan sama wadatacce, auduga na son ta, don haka Turawan kamfanin auduga suka kafa injin gurza a Funtuwa. Bakori na maƙwabtaka da ita.

Wanda bai ga fuloti lokacin kaka ba zai yi wuya ya gane daga ina kuɗin waƙa ke fitowa. Tun da sassafe jakuna da takarkarai ke jerin gwano da buhuna. Malamin auduga na yage bakin buhu yana duba kyanta, a ɗora a sikeli, a rubuta, a biya manomi kuɗinsa a hannu. A gefe ga masu tsire, ga 'yan koli, ga teloli, ga masu sayar da keke da fitila. Manomin da ya yi wata biyar bai riƙe sule ba yau ga shi da fam a aljihu. A wannan lokaci ake ɗaura aure, ake naɗin sarautar samari, ake biyan bashi, ake kuma kiran makaɗa.

Wannan ciniki ya haifar da wasu irin mutane da ba a saba gani ba: dillalai da ejan-ejan na kamfanonin saye, da masu manyan motoci, da direbobinsu, da 'yan kamasho, da malaman En'e masu albashi, da matan da suka yi kuɗi ta hanyar kasuwanci. Suna da abin hannu, suna son a san da su, amma ba su da makaɗi. Kotso da taushi na sarauta ne. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo ne, Sarkin Taushin Katsina kuwa sunansa ma ya faɗi inda yake. Direban gingimari komai kuɗinsa ba zai aika a kira masa su ba. Shata ne ya zo ya tsaya a wannan gurbi. Rashin gadon da mahaifinsa ke gani abin kunya shi ya ba shi 'yanci: ba shi da fadar da za ta ce kada ya yi wa wane waƙa. Yau yana gaban sarki, gobe yana tashar mota, jibi yana gidan biki a ƙauye.

A 1960 ya tare a Funtuwa, mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari, ya zauna a can kusan shekara arba'in, yana kai-komo tsakaninta da Kano.

Yadda waƙar ke tashi

Kalangu icce ne da aka fafe, siriri a tsaka, mai baki biyu masu faɗi, an rufe kowane baki da fata mai laushi. Tsarkiya ce ke haɗa fatun biyu. Makaɗi na rataya shi a kafaɗa ya matse a hammata, ya riƙa dukan baki ɗaya da ɗan lanƙwasasshen icce. In ya matse tsarkiya sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwanin kalangu na iya kaɗa taken mutum, wanda ya san taken ya ji sunansa sarai ba tare da an buɗe baki ba. Shata kansa ba ya kiɗa. Shi dai ya tsaya a gaba, makaɗansa na jere a baya, su ne kuma 'yan amshinsa.

Makaɗan fada kan zauna su tsara waƙa, su yi ta maimaitawa har ta zauna, jagora ya fara ɗa yaransa su karɓe su ƙarasa masa. Tsarin Shata daban ne. Yakan jefa amshi gajere, sau da yawa sunan wanda ake yi wa waƙar ne da na ubansa ko garinsa. Makaɗa su cafke, kalangu ya bi karin amshin, su riƙe shi ba canji har ƙarshe. A kan wannan turke shi kuma yake zuba ɗiyan waƙa yadda suka zo masa, wani layi biyu, wani ya yi tsawo har sai numfashi ya kusa ƙarewa, sannan ya sake su su amsa.

Abin kallo shi ne lokacin da wani babban baƙo ya shigo fili ana tsakiyar waƙa. Sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garin da ya fito. Kafin mutumin ya gyara zama ya ji sunansa a cikin waƙa, an haɗa shi da kasuwar garinsu ko wani dattijo da aka sani a can, ko wata kyauta da ya taɓa yi shekarun baya wadda shi kansa ya manta. Sai ya miƙe ya nufi fili da hannu a aljihu. Shi ya sa waƙa ɗaya ta Shata ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Tana tafiya ne kamar motar haya: direba ɗaya, hanya ɗaya, amma kowane gari ta tsaya sai wasu sun sauka wasu sun hau. Shi ya sa kuma ko shi kansa bai iya faɗin adadin waƙoƙinsa ba.

Kowa da garinsu

Duk wanda ya jera waƙoƙin Shata da suka yi fice zai ga taswirar ƙasar Hausa na fitowa da kanta. Ga Indon Musawa, daga garin haihuwarsa. Ga Alhaji Garba Bichi, daga arewacin Kano. Ga Hassan Sarkin Dogarai a fadar Kano, ga Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu, ga Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Hajiya Kilishi. A cikin jerin nan akwai sarki, akwai attajiri, akwai bafade, akwai Bawa Direba, har da Sarkin Bori Sule. Babu wani makaɗin fada da zai haɗa waɗannan mutane a baki ɗaya.

Shata ba ya yabon mutum a sarari haka kawai, sai ya dasa shi a garinsu. Zai faɗi wanda ya haife shi, da unguwar da yake, da abokan cinikinsa, da hanyar da ake bi a je wurinsa, da inda aka kwana a kan hanya. Saboda haka in ya yi wa mutum ɗaya waƙa, gari guda ne ke ɗaukar ta tasu ce. Ƙauyen da ba ya cikin littafin makaranta, ba a kuma taɓa ambatonsa a labarun rediyo ba, sai ga sunansa ana rerawa daga Maraɗi har Kumasi. Shi ma kansa da sunan ƙasarsu aka san shi, Mamman Shata Katsina, ko da yake Funtuwa da Kano sun fi birnin Katsina ganinsa.

Bakandamiya, wadda ita ce kirarinsa na kansa, ta fi kowace nuna wannan hali. A cikinta yake wasa kansa, yake gargaɗin abokan hamayya, yake kuma lissafa wuraren da ya taka da mutanen da ya tarar a can. Ya yi ta rera ta tsawon rayuwarsa, kowane ɗauka da abin da ya ƙaru, har ta zama tarihin yawace-yawacensa daga bakinsa.

Harshen waƙar kuwa na kasuwa ne da gona da tasha. Ba ya neman kalmomi masu wuya, ba ya cika ta da Larabci irin na rubutacciyar waƙa. Abin da ke ba ta nauyi shi ne karin magana da habaici da iya saka kalma a inda ta dace. In kuma ya juya ga zambo, kamar a Gagarabadau, harshen nan mai daɗi ya koma wuƙa. Wannan ya sa ake son sa ake kuma shakkarsa, domin kyautar da wasu ke yi masa ba duka ce ta ƙauna ba, akwai ta neman tsari. Malamai ma sun sha yin tir da shi, musamman kan waƙar da ya yi wa mashaya. Bakin da ya yi ta kuma shi ne ya yi waƙar begen Annabi da har gobe ake sakawa a gidajen rediyo. Shata bai ɓoye ko ɗaya daga cikin fuskokin jama'ar da yake cikinta ba, kuma bai ɓoye nasa ba.

Rediyo a reshen bishiya

Kafin rediyo, sai wanda ya je biki ko ya sami mai garmaho yake jin Shata. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna, a daidai lokacin da ƙaramin rediyo mai batir ya fara araha. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka suka sa mai sauraro na aiko da wasiƙa ya zaɓi waƙar da yake so. Kamfanin EMI ya buga fayafayansa, daga baya kaset ya zo ya kai shi duk rumfar mai shayi.

Babu inda wannan ya fi tasiri kamar karkarar da ke kewaye da Kano, ƙauyuka irin su Bacirawa da na ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi. Wannan yanki na cikin karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, abin da ya ja hankalin masana irin su Michael Mortimore tun shekarun 1960. A wancan lokaci gona na manne da gona, ba saura, ba daji. Ba a barin ƙasa ta huta, kowace shekara sai an noma ta, abin da ke riƙe ta shi ne taki: na dabbobin gida, da sharar birni da ake ɗaukowa a mangala bisa jakuna, jakunan da suka shiga birnin da itace ko kara. A gona ɗaya za a ga gero da dawa da wake da gyaɗa, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo an bar su tsaye saboda amfaninsu. Da rani kuma kusan kowane magidanci na da wata sana'a, ko saƙa, ko ɗinki, ko fatauci, ko ya tafi ci-rani.

Irin wannan manomi rabinsa ɗan kasuwa ne. Ya san farashin buhu a birni, ya san direbobin hanyarsu da sunayensu, wataƙila ma ya taɓa sayar wa yaran Alhajin da ake yi wa waƙar gyaɗa. In rana ta take ya jingine fartanya, ya zauna gindin ɗorawa ana dama fura, rediyo na rataye a reshe, abin da ke fitowa daga ciki duniyarsa ce da mutanen da ya sani. A da, gangar noma ce ke zuga shi ranar gayya, makaɗi na bin sa kunya-kunya yana kiran sunan kakansa. Da gayya ta fara ja da baya aikin ƙodago ya maye gurbinta, muryar da ta rage tana raka shi a gona ita ce ta rediyo.

Hukuma ta gane haka, Shata ma ya gane. Ya yi waƙoƙin kira ga noma, ya yi ta zaburar da 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, da yawansu kuwa 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, ya ɗauko labarin da ya fi ƙarfin hankalin mutane da yawa ya sa shi a kan kalangu, ya shigar da shi zaurukan da jarida ba ta zuwa.

Daga tudu zuwa bakin teku

Ƙasar Hausa ba ta da teku, daga Kano zuwa Legas a jirgin ƙasa ya haura kilomita 1,000. Amma Hausawa sun daɗe da sanin hanyar kurmi. Goron da Shata ya yi talla yana yaro daga can yake zuwa, a da daga Gwanja da ƙasar Asante, daga baya daga ƙasar Yarabawa ta jirgi. Fataken goro da na shanu sun kafa zango-zango a Sabo ta Ibadan, da Shagamu, da Agege, da Kumasi, da Ankara. Da sunansa ya yi nisa, Shata ya bi sawun goron nan zuwa inda ya fito, ya yi wasa a gaban Hausawan kurmi da na ƙasashen maƙwabta. Ya je aikin hajji, ya kuma leƙa Turai da Amurka.

Ga mutumin da ya shekara ashirin a Agege, ko wanda aka haifa a zangon Kumasi bai taɓa ganin garin kakansa ba, faifan Shata ya wuce nishaɗi. A ciki yake jin wa ya yi arziki a gida, wa aka naɗa, wace hanya aka buɗe. A ciki kuma yake jin Hausar da ba ta gauraya da harshen maƙwabta ba.

Kowace al'umma na da irin wannan mawaƙi da ba a raba shi da ƙasarsu. A Birazil akwai Dorival Caymmi, haifaffen Salvador ta jihar Bahiya a 1914, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Rio de Janeiro amma aka san shi da waƙoƙin masunta da kwale-kwalensu da matan da ke jiran dawowarsu a bakin teku. A Mali akwai Ali Farka Touré, wanda duk da lambobin yabon da ya samu a duniya ya koma Niafunké a bakin kogin Kwara yana noma, ya sa wa faifansa na 1999 sunan garin, aka kuma zaɓe shi magajin garin a 2004. Bambancin Shata da Caymmi shi ne shi bai cika tsayawa siffanta ƙasa ba. Ba kasafai za ka ji yana yabon kyan gona ko faɗuwar rana ba. A wurinsa mutane su ne ƙasa: wanda ya noma, da wanda ya saya, da wanda ya ɗauka a mota, da wanda ya yi kyauta da ribar.

Da zamani ya juya

Duniyar da ta yi Shata ba ta daɗe ba bayan ya kai ƙololuwa. Farin 1973 ya gigita Arewa. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗa, manoma da yawa suka sake ta, dalar gyaɗar Kano ta zama tarihi. Kuɗin man fetur suka rinjayi na amfanin gona, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Masu kuɗi suka sauya: maimakon ejan na gyaɗa da malamin auduga, sai 'yan kwangila da manyan sojoji da 'yan siyasa da masu harkar sufuri irin su Alhaji Amadu Chanchangi, wanda shi ma Shata ya yi wa waƙa. Mai bin waƙoƙin daki-daki zai iya ganin wannan sauyi daga sunayen da ke shigowa da waɗanda ke ɓacewa.

Shi kansa bai tsaya a bakin fili yana yi wa 'yan siyasa waƙa kawai ba, ya shiga ciki. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. A Jamhuriya ta Biyu ya yi GNPP, daga baya ya koma NPN. A ta uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Funtuwa, kujerar da daga baya aka tsige shi daga kai, don mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban sarakuna ba ya jure wa linzamin jam'iyya.

Jami'a kuwa ta riga ta gane darajarsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, yaron da mahaifinsa ke gudun kada a ce masa maroƙi ya zama Dakta Mamman Shata.

Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, makonni kaɗan bayan komawar mulki hannun farar hula. An yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Abin da ya rage a yi

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya ci gaba da bin diddigin waƙoƙin da mutanen da aka yi wa su. Sun yi aiki babba, amma rijiyar na da zurfi. Waƙoƙi da yawa an yi su ne a gidan biki ba a ɗauka ba. Waɗanda aka ɗauka suna warwatse, wasu a tsofaffin fayafayan gidajen rediyo, wasu a kaset cikin adakar masu sha'awa, zafi da ƙura na cin su. Waɗanda suka hau intanet da katin waya kuma galibi ba shekara, ba wurin da aka yi su, wani lokaci ma sunan da aka liƙa musu kuskure ne.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sunayen da ke cikin ɗiyan waƙoƙin. A kowace waƙa akwai mutane birjik da aka ambata sau ɗaya aka wuce: wani dillali, wani direba, wata mai abinci a tasha, wani mai unguwa. Takardun En'e ba su rubuta su ba, jarida ba ta san da su ba. Waɗanda za su iya cewa wane ne wane, ɗan wane gida ne, me yake sayarwa, tsofaffi ne da ke zaune yanzu a zaurukan Musawa da Bakori da Funtuwa da Bichi da Tofa, kuma kullum raguwa suke yi. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Kano da Katsina da Zariya na da ɗalibai daga waɗannan garuruwa. Ya kamata a tura kowannensu garinsu da waƙa ɗaya a waya, ya zauna da dattawa a saurara tare, ya rubuta bayanin duk sunan da aka ambata, tun masu bayanin na da rai.